Labarin Samuel Ajayi Crowther, Bawan da Ya Koyi Ƙaunar Maƙiyansa

Ya mai-karatu, ko kai sabon mai-bi ne wanda bai daɗe da karɓar baptisma ba, ko kuwa har yanzu kana bincike, kana auna al'amarin nan cikin zuciyarka, akwai umurni ɗaya na Ubangijinmu Yesu Almasihu wanda za ka iske ya fi sauran nauyi. Barin sata da ƙarya da shan giya abu ne da kowane mutumin kirki ya yarda da shi. Amma cikin Bishara ta hannun Matta, sura 5, Ubangiji ya ɗora mana abin da ya wuce wannan, gama ya umurce mu mu so mutanen da ke gāba da mu, mu kuma roƙa wa masu-wahalshe mu alheri wurin Allah.

Tun muna yara mun ji manya suna cewa ramuwar gayya ta fi gayya zafi, wanda kuwa aka cuta bai rama ba a kan kira shi rago. Watakila ma kai da kanka, saboda sunan Almasihu, an kore ka daga gidan ubanka, ko an hana ka gādo, ko an raba ka da matarka, ko kuwa abokan da kuka tashi tare sun daina cin tuwo da kai. In haka ne, ba mamaki ka ce cikin ranka wannan umurni ya fi ƙarfin ɗan Adam. Domin wannan ne na ga ya kamata in ba ka labarin wani mutum baƙar fata kamarmu, wanda aka cuta fiye da yadda aka cuci yawancinmu, Allah kuwa ya koya masa wannan ƙauna kaɗan kaɗan har tsufansa.

Ranar da aka ci Oshogun

An haifi Ajayi a ƙasar Yarabawa, a wani gari mai-ganuwa wanda a ke kira Oshogun, kusa da Iseyin. A zamanin nan mulkin Oyo ya soma rushewa, yaƙi ya cika ƙasar, kama bayi kuma ya zama sana'a. Wata safiya cikin shekara ta 1821, mata suna cikin shirin abincin karin kumallo, sai aka ji mayaƙa sun kewaye garin. Ajayi ya faɗa daga baya cewa rundunar nan ta Musulmin Oyo ce, da Fulani, da bayi waɗanda suka gudu daga iyayengijinsu. Masu-binciken tarihi kuwa sun nuna da yawa cikin bayin nan Hausawa ne. Ka riƙe wannan, gama zai yi maka amfani gaba.

Uban Ajayi ya shigo gida da gaggawa, ya ce wa iyalinsa su gudu, sa'an nan ya koma wurin faɗa. Yaron bai sāke ganinsa ba har abada. Ba su yi nisa ba aka kama Ajayi da uwarsa da ƙannensa mata biyu, ɗaya ma jaririya ce a goye. Aka sa musu igiya a wuya, aka kora su kamar awaki, garinsu yana cin wuta a bayansu. Shekarunsa a sa'an nan ba su wuce 12 ko 13 ba.

Da aka raba ganima, sai aka musanya shi da doki. Bayan wata biyu dokin bai gamshi mai-shi ba, aka mayar da ciniki. Ya sami zama kusa da uwarsa 'yan watanni, sa'an nan wata rana aka sa masa sarƙa, aka kai shi kasuwa aka sayar. Daga hannu zuwa hannu ya yi ta tafiya kudu, wani ya saye shi da taba, wani da barasa. Baƙin ciki da tsoron Turawa suka yi masa yawa har ya nemi ya shaƙe kansa ya mutu, amma Allah bai yarda ba. Daga ƙarshe aka kai shi Ikko, aka sayar da shi ga wani Baturen Fotugal. Can aka ɗaure manya da yara da doguwar sarƙa guda a wuya, in manyan suka ji ciwo suka fizga, yaran ne ke shan wahala. Ya yi watanni cikin wannan hali.

Hannun da ya bugi ɗaurarre

Cikin watan Afril na 1822 aka loda su cikin jirgin ruwa, su 187, za a haye teku da su. Jirgin bai yi nisa ba sai jiragen yaƙi biyu na Ingilishi, waɗanda ke tsaron teku domin hana fataucin bayi, suka tare shi suka kama. Da fari yaran sun ɗauka sun faɗa hannun waɗanda suka fi na dā mugunta. Amma da aka kwance su, aka ba su abinci da tufafi, hankalinsu ya kwanta.

A nan ne wani abu ya faru wanda na ke so ka lura da shi ƙwarai. Aka kawo Baturen nan da ya saye su cikin jirgin da Ajayi ya ke, shi da ɗansa, suna ɗaure da mari. Yau ga mai-ɗaurewa a ɗaure. Wata rana ɗansa yana yi masa aski, sai Ajayi ya duba ya ga mutumin nan ba shi da sauran iko a kansa. Ya matsa kusa, ya buge shi a ka.

Wa zai ga laifin yaron? An rasa ubansa, an ƙone garinsu, an raba shi da uwarsa, wuyansa ma bai warke daga ciwon sarƙa ba. Da ni ne ko kai, da abin da za mu yi ke nan, watakila ma fiye. Amma bayan shekara 15, cikin 1837, sa'an da Ajayi ya rubuta labarin bautarsa, ya sa wannan abu a ciki da hannunsa, ko da ya ke ba wanda ya tilasta masa. Bai kuwa rubuta shi kamar abin fahariya ba. Ya shaida a sarari cewa aikin nan mugu ne, rashin tausayi ne kuma. Mutumin da ya buga ɗin bai taɓa roƙonsa gafara ba, bai kuwa cancanci tausayi ba bisa ga lissafin duniya. Duk da haka Ajayi ya auna aikin hannunsa da ma'aunin Almasihu, ya ga bai kai ba. Me ya sāke shi haka tsakanin shekarun nan?

Sabuwar haihuwa a Saliyo

An sauke su a Firitawun ta ƙasar Saliyo cikin watan Yuni na 1822, inda a ke zaunar da bayin da aka 'yanta. Aka sa shi makarantar mishan ta ƙungiyar C.M.S. Yaron yana da kai ƙwarai, cikin wata shida ya iya karanta Sabon Alkawari, ya kuma koyi sassaƙa. Cikin karatun nan ya sadu da labarin Yusufu wanda 'yan'uwansa suka sayar, daga baya ya ciyad da su lokacin yunwa. Ya sadu da labarin Istifanus wanda ya roƙa wa masu-jifansa gafara. Fiye da duka ya sadu da Yesu, wanda yana bisa gicciye, ƙusoshi suna cikin hannuwansa, ya roƙi Uba ya yafe wa waɗanda suka kafa shi. Ajayi ya gane shi ma mai-zunubi ne, akwai bauta kuma wadda ta fi ta sarƙa muni, watau bautar zunubi, Almasihu ne kaɗai ke kwance ta. Ran 11 ga Disamba 1825 aka yi masa baptisma, ya ɗauki sunan Samuel Crowther. Cikin 1827 ya zama na fari da aka rubuta sunansa a makarantar horon malamai ta Fura Be, daga baya ya zama malami.

Wanda ya san yawan bashin da aka yafe masa ba ya shaƙe wuyan mai-riƙe da ɗan bashinsa. Tushen abin ke nan. Har ranar da aka kama shi ma, Ajayi ya zo yana lissafta ta ranar baƙin ciki da albarka gaba ɗaya, domin ta hanyarta ce Allah ya kawo shi inda ya ji Bishara. Bai ce masu-kama shi sun yi daidai ba. Ya ga dai hannun Allah ya fi nasu tsawo.

Amma kada ka zaci ya koyi kome rana ɗaya. Sa'an da ya ke saurayi yana koyarwa a Saliyo, ya ga wani yaro ɗan Musulmi da laya a makaranta, sai ya yanke ta. Uban yaron ya zo da fushi. Ajayi ya ce a tara malamai a yi muhawara, ya shirya hujjojinsa, ya tafi da littattafansa. Aka taru, aka watse, ba wanda ya motsa daga inda ya ke. Daga nan ya soma fahimta cewa kā da mutum da gardama ba shi ne samun zuciyarsa ba. Wannan darasi ya bi shi dukan kwanakinsa.

Komawa wurin waɗanda suka cuce shi

Cikin 1841 Ingilishi suka aiko da jirage uku su hau kogin Kwara. Ajayi yana cikin tafiyar tare da wani mai-bishara Bajamushe, Schön, wanda ya ba da kansa ga koyon Hausa har ya rubuta littattafai a kanta. Zazzaɓi ya kashe Turawa fiye da 40, aka gane cewa in Bishara za ta shiga ƙasashen nan, sai ta bakin 'ya'yan ƙasa. Saboda haka aka kira Ajayi Ingila, aka naɗa shi mai-hidimar ekklesiya cikin 1843.

Cikin 1846 ya isa Abeokuta, ba a yi wata guda ba Allah ya sada shi da uwarsa, bayan rabuwar shekara 25. Suka riƙe juna suna kuka, magana ta gagara. Cikin 1848 aka yi mata baptisma, aka sa mata suna Hannatu. To, da ya ji dukan wahalar da ta sha, ai da tsohon miki ya tashi. Ga shi kuma yanzu ya zama mutum mai-daraja wanda manyan Ingila ke sauraronsa, har cikin 1851 ya tsaya gaban Sarauniya Biktoriya ya karanta mata Addu'ar Ubangiji da Yarabanci. Abin da ya yi da darajar nan shi ne ya yi ta faɗa da fataucin bayi, ya kuma juya fuskarsa wajen arewa, wajen da masu-ƙone garinsu suka fito.

Ya sāke hawan Kwara da Binuwai cikin 1854. Cikin 1857 ya kafa aikin Bishara na bakin kogi, ya fara daga Anaca. A tafiyar nan jirginsu ya bugi dutse kusa da Jebba ya fashe, suka daɗe ƙwarai a bakin gāɓa. Bai zauna banza ba, ya shiga koyon Nufanci, yana ziyartar mutane. Sarakunan Nufe na lokacin nan Fulani ne, zuriyar Malam Dendo, kama bayi kuwa bai ƙare a ƙasarsu ba. Ya sami wuri a Raba, daga baya aka hana su zama can. Duk da haka bai daina zuwa Bida gaishe da Etsu Masaba ba. Ya kan je da ladabi, ya ba sarki girmansa, ya kai kyauta, har da Littafi Mai-Tsarki na Larabci, ya kuma faɗi gaskiyar da ya zo da ita ba tare da zagin addinin kowa ba. Da haka ya horad da ma'aikatansa, su guji gardama mai-zafi, su bar Maganar Allah ta yi aikinta.

Cikin 1872 hanya ta bi da shi ta Ilori, garin da ya zama cibiyar yaƙin nan da ya cinye ƙasar haihuwarsa. Sarki ya karɓe shi a fada gaban malamai da fadawa, aka yi masa tambayoyi masu-wuya a kan Yesu ɗan Maryamu. Tsohon ya fara da abin da su da shi suka yarda da shi, watau cewa Mala'ika Jibrilu manzon gaskiya ne, ya buɗe Bishara ta hannun Luka ya karanta saƙon da Jibrilu ya kawo wa Maryamu. Kowace tambaya da Littafi ya amsa ta. Da aka nemi a ji irin addu'ar Kirista, ya karanta musu addu'ar da a ke yi wa Sarauniya, ya bayyana cewa al'adar masu-bi ce su sa sunan sarkin ƙasar da su ke ciki a wurin, su roƙa masa albarka. Mutanen fada suka ji daɗin wannan. Ka duba fa, yaron da aka ja da igiya a wuya, yau ga shi da furfura yana nuna wa sarkin Ilori yadda Kirista ke roƙa wa sarki alheri.

Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Daga baya, sa'an da barasar Turawa ta soma lalata Nufawa, Etsu Maliki ya rasa wanda zai kai wa kuka sai Crowther. Ya aika da takarda, yana kiransa uba, yana roƙo ya isar da maganar ga Sarauniya domin a hana shigowa da ita. Sarki Musulmi ya amince da Kirista haka domin ya daɗe yana ganin ƙaunarsa ba ta baki ba ce.

Abokin da ya juya

Ran 29 ga Yuni 1864 aka naɗa shi Bishop a babbar majami'ar Kantabari, shi ne baƙar fata na fari da ya sami wannan matsayi cikin ekklesiyar Angilika. Bayan shekara uku, cikin 1867, wani basarake na ƙasar Igala mai-suna Abokko, wanda dā abokinsa ne, ya tare kwalekwalensa a kogi, ya washe kayansa, ya tsare shi da ɗansa Dandeson kwana da kwanaki cikin wulakanci. Abokko ya ɗauka Bishop ne ke da iko da dukan cinikin Turawa a kogin, yana jin haushi bai sami rabo ba, ya nemi kuɗin fansa mai-yawa. Wani wakilin Ingilishi, William Fell, ya zo daga Lakwaja domin ya fitad da su. Da magana ta ƙi, suka ruga cikin kwalekwale, aka bi su da kibau. Kibiya mai-dafi ta sami Fell, ya mutu a hanya. Bishop ya tsira, amma da ran wani aka fanshe shi. Wani ne, da ya ce ya gama da mutanen kogin nan. Shi kuwa ya ci gaba da hawa da sauka cikinsa fiye da shekara 20 bayan wannan.

Miki daga cikin gida

Yanzu na zo wurin da ya fi zafi, ba zan kuwa ɓoye maka ba, gama wanda ke shirin bin Almasihu ya kamata ya san gaskiya. Cutar da ta fi yi wa Ajayi ciwo daga 'yan'uwansa masu-bi ta fito.

Tun kafin a naɗa shi, waɗansu Turawa masu-bishara, musamman Henry Townsend wanda suka yi aiki tare a Abeokuta, suka tsaya a kan cewa bai kamata baƙar fata ya shugabanci Bature ba. Shi kansa Ajayi bai nemi matsayin ba, sai da aka matsa masa. Da aka yanka masa iyakar aikinsa, aka fitad da wuraren da Turawan nan su ke daga ƙarƙashinsa. Ya karɓa, ya kama aikin da aka ba shi, ya ci gaba da juya Maganar Allah zuwa Yarabanci tare da waɗansu, har aka gama dukan Littafin cikin 1884.

Sa'an da ya tsufa, waɗansu samari suka zo daga Ingila da himma mai-zafi. Biyu daga cikinsu, Wilmot Brooke da J. A. Robinson, niyyarsu su kawo Bishara ƙasar Hausa, har suka sa riga da rawani irin namu suka zauna Lakwaja. Suka duba aikin Bishop suka ce ya lalace. Gaskiya ne akwai waɗansu ma'aikata da suka yi laifofi masu-nauyi, gama wuraren suna nesa da juna, tsohon kuwa mai-jinkirin hukunci ne, ya fi so ya jawo mai-laifi ya tuba da ya kore shi. Amma samarin suka haɗa mai-laifi da marar-laifi suka yi musu kuɗin goro. Cikin watan Agusta na 1890 aka yi taro a Anaca. A nan suka yi wa Bishop magana mai-zafi a gaban mutanensa, aka dakatad da masu-hidima waɗanda shi ya ɗora wa hannu, har da ɗansa Dandeson. Shekarunsa sun wuce 80, Brooke kuwa yana da 25.

Me tsohon ya yi? Bai ce baƙi fari ne domin a zauna lafiya ba. Ya tsaya a kan cewa ba daidai ba ne a hukunta mutum ba a bincika ƙararsa ba, ya sauka daga shugabancin taron, ya rubuta wa shugabannin ƙungiya a Landan ya bayyana musu al'amarin bi da bi. Amma bai rama zagi da zagi ba, bai kuwa fita daga ekklesiya ba, ko da ya ke mutane da yawa a Ikko da Saliyo sun husata saboda shi, da ya ɗaga hannu da sun bi shi. Cikin 1891 ciwon shanyewar jiki ya kama shi, ran 31 ga Disamba na shekarar nan ya huta a Ikko.

Kada kai ma ka ƙi samarin nan. Robinson ya mutu a Lakwaja cikin 1891, Brooke kuma cikin 1892, dukansu saboda suna so kakanninmu su ji Bishara. Mutum ya kan ba da ransa domin Allah, duk da haka ya cuci ɗan'uwansa, in himmarsa ba ta da haƙuri da tawali'u. Gaskiya kuwa ba ta ruɓewa. Cikin 2014, da aka cika shekara 150 da naɗin Crowther, Babban Bishop na Kantabari ya tsaya cikin majami'ar nan da aka naɗa shi, ya furta a gaban jama'a cewa an zalunce shi, ya nuna tuba a madadin ekklesiya.

Abin da labarin nan ke koya maka

Na fari, ƙaunar maƙiyi ba halin da a ke haihuwar mutum da shi ba ne. Ajayi ma da bugu ya fara. In ka duba zuciyarka yau ka iske ɗaci a ciki, kada ka fid da zuciya, kada kuma ka rufe shi da fara'ar fuska. Ka kai shi wurin Almasihu yadda ya ke, ka kira shi da sunansa kamar yadda Ajayi ya kira nasa, ka roƙi Ruhu Mai-Tsarki ya ba ka abin da ba ka da shi.

Na biyu, wannan ƙauna aiki ce. Manzo Bulus ya gargaɗi Romawa, cikin sura 12, cewa kada ƙaunarsu ta zama ta riya, ya kuma nuna musu hanya, watau su ba maƙiyi abinci da ruwa sa'an da ya ke bukata, su bar ramuwa a hannun Allah. Riya ita ce ka gai da mutum da murmushi, ka juya baya kana jiran ranar faɗuwarsa. Ajayi bai tsaya daga nesa yana cewa ya yafe ba. Ya shiga kwalekwale, ya koyi harshen mutanen, ya zauna a zaurensu. Kai ma kada ka jira sai zuciyarka ta yi sanyi tukuna. Baffanka da ya hana ka gona, in ya kwanta ciwo ka je ka duba shi. Maƙwabcin da ya daina amsa sallamarka, in damina ta rushe masa katanga ka ɗauki fartanya ka taya shi kwaɓa ƙasa. Ka riƙa ambaton sunayensu ɗaya ɗaya cikin addu'arka ta safe, kana roƙa musu irin alherin da ka ke roƙa wa 'ya'yanka. Da wuya mutum ya daɗe yana ƙin wanda ya ke yi wa addu'a kowace rana.

Na uku, ƙauna ba ta hana faɗin gaskiya. Ajayi ya yi gāba da fataucin bayi dukan ransa, bai ɓoye bangaskiyarsa a fadar Bida ko ta Ilori ba, bai kuma yarda da hukuncin zalunci a Anaca ba. In an matsa maka ka musunci Ubangijinka, ka ƙi, amma da ladabi. In an cuce ka, kana da iko ka kai ƙara inda ya kamata, in kuwa ranka yana cikin hatsari ka kauce. Abin da aka hana ka shi ne ka nemi halakar wanda ya cuce ka.

Na huɗu, ka shirya zuciyarka domin masu-wuyar hali na cikin ekklesiya. Za ka sadu da dattijo mai-faɗa, da mai-tsegumi, da wanda zai rena ka domin kabilarka ko domin jiya jiya ka tuba. Sababbin masu-bi da yawa sun jimre da duka da kora daga waje, amma kalma ɗaya mai-ɗaci daga bakin ɗan'uwa ta mai da su baya. Ka tuna da tsohon nan a Anaca. Ba domin kirkin masu-bi ya bi Almasihu ba, saboda haka rashin kirkinsu bai raba shi da Almasihu ba.

Daga ƙarshe, ka tuna da abin da na ce ka riƙe. Cikin rundunar da ta ƙone Oshogun akwai masu-jin harshen nan da ka ke karantawa. Da Ajayi ya riƙe ƙiyayya, da ba wanda zai ga laifinsa, amma da bai hau Kwara ba. Lakwaja, inda ya kafa aiki, ta zama ƙofar da masu-bishara na baya suka bi suka shigo arewa, har aka sami dukan Littafi Mai-Tsarki da Hausa cikin 1932. Ashe mu ma muna cikin waɗanda suka ci amfanin gafararsa. Haka kuma Allah ya yi da mu duka, gama tun muna gāba da shi ya ba da Ɗansa dominmu.

To, ɗan'uwana, wane ne naka maƙiyin? Ka san sunansa, Allah ma ya sani. Kafin ka kwanta yau, ka durƙusa ka roƙa masa alheri, gobe kuma ka nemi wani abin kirki, kome ƙanƙantarsa, da za ka yi masa. Allah wanda ya taimaki bawansa Ajayi shi taimake ka, shi taimake mu duka. Amin.